Ba Kowane Ƙari Ne Ciwon Daji Ba

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani ɗan uwa ma'aikacin lafiya ya gabatar wa matasa a garin Zauro, kusa da Birnin Kebbi, bayan sallar Isha'i.

Bayan ya yi sallama, mai jawabin ya ce yawancin abubuwan da ke tsirowa a fatar iyayenmu in shekaru sun ja ba su da wata illa. Ya kawo misalin ƙananan baƙaƙen ƙuraje da ke fitowa a kumatu da gefen ido, waɗanda suka fi yawa ga baƙar fata, kuma akan gaje su. Haka 'yar tsokar nan mai reto a wuya ko hammata, sai dai in ta yi yawa yana da kyau a auna sukari. Akwai kuma ƙululun kitse mai laushi, wanda in an taɓa yakan motsa a ƙarƙashin fata, ba ya ciwo, yakan yi shekaru bai canza ba.

Ya ce matsalar ita ce garajen kai tsoho wajen wanzami ko ɗaure tsiron da zare. Askar da ba a tafasa ba tana iya jawo ruɓewa, musamman ga mai ciwon sukari, kuma an zubar da abin da ya kamata likita ya duba.

Daga nan sai ya ja hankalin 'yan uwa ga inda haɗarin yake. Ya ce a baƙar fata, mugun dajin fata ya fi ɓuya a tafin ƙafa da ƙarƙashin farce. Shi ne ya kashe mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981, kuma daga yatsan ƙafa ya fara. Dattijon da ya wuni a fadamar shinkafa zai ce ai ƙaya ce ya taka, alhali baƙin tabo ne ke faɗaɗa.

"Wa a cikinku ya taɓa duba tafin ƙafar mahaifinsa?" in ji shi. Wurin ya yi tsit.

Ya ce duk tabon da ke girma, ko canza launi, ko zubar da jini, da gyambo ko tsohuwar ƙuna da ta buɗe ta ƙi warkewa, a kai mai shi Asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi cikin makon nan, kar a ce sai bayan girbi.