Jawabi Kan Kanjamau Tsakanin Maza Masu Saduwa Da Maza



Maganar da zan yi muku yau tana da nauyin faɗa, amma gaskiya ɗaci gare ta, yin shiru kuwa yana jawo asarar rayuka. Akwai maza masu saduwa da maza 'yan'uwansu, a ƙasarmu da sauran ƙasashen duniya, waɗansu cikinsu kuma suna ɗauke da ƙwayar cutar kanjamau, watau HIV. Nufina shi ne in bayyana yadda irin wannan mutum zai tsare lafiyarsa, ya kuma tsare ta wanda yake hulɗa da shi, har da matar aurensa in yana da ita.

Da farko, ya kamata a san inda haɗarin yake. Fatar cikin dubura ba ta da kauri, tana saurin yagewa, ta nan ne ƙwayar cutar ke samun hanyar shiga jini. Saboda haka saduwa ta wannan hanya ba tare da kariya ba ta fi kowace irin saduwa haɗari. Ciwon sanyi da tunjere su ma suna ƙara buɗe wa cutar ƙofa.

To, mene ne abin yi? Babban makami shi ne magani. Tun 1996 aka sami haɗin magungunan da ke danne ƙwayar cutar a cikin jini. A 2019 aka bayyana sakamakon wani bincike mai suna PARTNER2 da aka yi a ƙasashe 14 na Turai. An bi diddigin maza 782 masu shan magani, kowanne tare da abokin zamansa wanda ba shi da cutar. Sun sadu kimanin sau 76,000 ba tare da kwaroron roba ba, amma ba a sami ko mutum ɗaya da ya ɗauki cutar daga abokin zamansa ba. Mutum 15 da suka kamu, bincike ya nuna daga waje suka ɗauko ta.

Sai dai a lura, wannan kariya tana da sharaɗi. Dole ne adadin ƙwayar cutar ya sauka ƙasa da 200 a kowace mililita ta jini, ya kuma zauna a haka. Wannan yakan ɗauki har wata 6 ana shan magani kullum ba fashi, kuma gwajin asibiti kaɗai ke tabbatar da shi. Wanda ya yi wasa da maganinsa, cutar za ta sake ɗago kai.

Na biyu, kada a yar da kwaroron roba, domin maganin kanjamau ba ya hana ciwon sanyi ko tunjere. A haɗa shi da man santsi na ruwa da ake sayarwa a kantin magani. Basilin da man girki suna lalata robar, ta fashe.

Na uku, wanda ba shi da cutar amma yana cikin haɗari yana iya neman maganin rigakafi a asibiti. In kuwa tsautsayi ya riga ya auku, a garzaya kafin awa 72 su wuce, akwai maganin kwana 28 da ke iya hana kamuwa.

Mun san tsoron tonon asiri yana hana mutane da yawa zuwa asibiti. To, a sani cewa dokar tarayya ta 2014 ta haramta nuna bambanci ga mai ɗauke da wannan cuta, kuma wajibi ne ma'aikacin lafiya ya riƙe sirrin majiyyaci. Ku kuma ma'aikatanmu, ku tuna kyara tana korar majiyyaci, in ya gudu kuwa da cutarsa zai gudu.

Ɗan'uwa, je ka a gwada jininka, ka riƙe maganinka. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.

Allah Ya ba mu lafiya.