Jawabin Sakataren Matasa Kan Tafiyar Hunturu Zuwa Yankari



An umarce ni da in yi bayani a kan ziyarar da kwamitin matasa ke shirin kai yaranmu Yankari. Na ji wasu iyaye suna cewa, “Haba, cikin wannan sanyin za a kwashi yara a kai su daji?” Tambaya ce mai kyau, ga kuma amsa.

A Amurka akwai wani gandun daji, Yellowstone, wanda aka kafa tun 1872. Idan dusar ƙanƙara ta rufe shi, mutane sukan ɗaura wasu dogayen katakai masu santsi a ƙafa, su riƙe sanda bibbiyu, su yi ta sulɓi cikin daji wuni guda, suna kallon ɓauna da ruwan zafi mai tsartuwa daga ƙasa. To mu da hazo kawai gare mu, me zai ɗaure mu a ɗaka?

Hasali ma dai hunturu shi ne lokacin Yankari. Ciyawa ta bushe, hanya ba taɓo, tafkuna sun soma ƙafewa, saboda haka giwaye da gwanki da gwaggon biri duk sai sun gangaro kogin Gaji shan ruwa. Da damina kuwa sai ka wuni ba ka ga komai ba sai ganye. Ga kuma maɓuɓɓugar Wikki, ruwanta ɗumi gare shi dare da rana, wajen digiri 31, ko da asuba ka shiga ba ka jin ɗari.

An keɓe wannan daji a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006.

Iyayena, abin da ke damuna shi ne, yaran da muka haifa a nan Bwari sun san kasuwa, sun san tasha, amma da yawansu ba su iya bambance marke da kanya ba. Giwa kuwa sai a tatsuniya. Gani ya kori ji.

Kafin ranar, kowace Asabar za mu fita da ƙafa wajen duwatsun Ushafa, don ƙafafu su saba. Kowane yaro ya tanadi rigar sanyi, bargo, takalmi sau-ciki da man shafawa. A can kuma ba mai sauka daga mota sai da izinin ma'aikacin daji. Mai son ɗansa ya je, ya ga ma'aji kafin taro na gaba.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.