Ajiyar Ruwan Nonon Uwa: Jawabi a Taron Shekara



Mu da muka shafe shekaru muna roƙon iyaye su bar 'ya'ya mata su yi karatu, yau ga su malamai, ga su ma'aikatan jinya. To amma dokar ƙwadago ta Nijeriya mako 12 ta tanada na hutun haihuwa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jariri ya sha nonon uwa zalla har wata 6, ba ruwa, ba koko. Abin da ke cike wannan giɓi shi ne uwa ta tatse nono ta bar wa mai raino.

Uwa ta wanke hannu da sabulu, ta tatsa cikin mazubi mai tsabta da murfi, ta rubuta kwanan wata a jiki. A ɗaki mai sanyi, nonon yana kai awa 4, amma wannan lissafi na wurin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba ne. A bazararmu, da zafi ke haura 40, kada a jira hakan. A firji yana kai kwana 4, a ajiye shi can ciki, ba a jikin ƙofa ba. A firiza kuwa, wata 6 ya fi kyau. Kada a cika mazubin fal, domin nono yana kumbura in ya daskare.

Inda gizo ke saƙar shi ne wutar lantarki. In aka ɗauke wuta, a daina buɗe firiza barkatai. Nonon da ya narke sarai ba a mayar da shi ƙanƙara. A bar shi a firji, a shayar da shi cikin awa 24.

Ga kakanni, don mun san hannunku ya saba da tukunya: ba a tafasa shi, domin wuta tana kashe sinadaran da ke kare yaro daga gudawa. A tsoma mazubin cikin ruwan ɗumi kawai. In kun ga maiƙo ya taso sama, ba lalacewa ya yi ba, a jujjuya shi a hankali. Abin da yaro ya rage kuwa, in ya wuce awa 2, a zubar.