Icce Tun Yana Ɗanye: Yadda Ake Rainon Mai Jifa A Wasan Sofbol

(Jawabin da aka gabatar a zaman taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)



Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama. An nemi in yi magana a kan wani abu da ya shafi aikina a ɓangaren wasannin matasa, sai na zaɓi wasan da na san da yawa daga cikinku ba su taɓa kallonsa ba, watau sofbol. Dalilina shi ne, yawancinmu yanzu mun zama iyaye, wasu kuma malaman makaranta ne, kuma ban san wani wasa da yake saurin tona asirin mai gaggawa kamar wannan ba. Yarinyar da aka yi wa horo da haƙuri takan shekara ashirin tana jifa, wadda aka yi wa gaggawa kuwa kafaɗarta kan lalace tun ba ta gama sakandare ba.

Sofbol wasan Amurkawa ne, kuma ƙanen besbol ne. An fara shi a birnin Shikago a shekarar 1887, inda wani mai suna George Hancock ya ɗaure safar dambe ta zama ƙwallo, aka buga ta da sanda a cikin ɗaki. Ya shiga gasar Olamfik a 1996 a birnin Atlanta, mata kaɗai suke yi. Amurka ta cinye zinare a 1996 da 2000 da 2004, Japan kuma ta karɓe a 2008 da kuma gasar Tokyo da aka yi a 2021. An tsara zai dawo a gasar 2028. Mu ma nan ya taɓa zuwa ƙofar gidanmu, domin yana cikin wasannin da aka yi a gasar ƙasashen Afirka ta Abuja a 2003, lokacin wasunmu ba mu daɗe da shiga sakandare ba. Saboda mata sun fi shahara a cikinsa, zan riƙa cewa yarinya, amma duk abin da zan faɗa ya hau kan yaro namiji.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Mai jifa tana tsayawa a tsakiyar fili, mai bugu tana gabanta riƙe da sanda, mai cafewa kuma tana tsugune a bayan mai bugu. A ƙasa gaban mai bugu akwai wani faranti mai faɗin inci 17. Aikin mai jifa shi ne ta sa ƙwallo ta bi ta saman farantin nan, tsakanin gwiwa da ƙirjin mai bugu, ba tare da an iya bugunta ba. In ta ci nasara sau 3, mai bugu ta fita. In ta kauce sau 4, mai bugu ta wuce kyauta. Tazarar da ke tsakaninsu ga manyan mata ƙafa 43 ce, kimanin mita 13. Ƙwararru kan yi jifan da ya wuce gudun kilomita 100 a awa, wata Ba'amurkiya ma, Monica Abbott, ta kai mil 77 a awa a 2012, watau kusan kilomita 124. Mai bugu ba ta da ko rabin sakan na yanke shawara. Kuma duk wannan gudun ta ƙasa ake sakin ƙwallon, daga gefen cinya, domin doka ba ta yarda a jefa ta sama kamar mai jifan mangwaro ba.

To, yaya ake kai yarinya 'yar shekara 9 ko 10 ga wannan matsayi?

Abu na farko, a ba ta kayan da suka yi daidai da ita. Ƙwallon manya kewayenta inci 12 ne, ta yara inci 11. Tazarar yara 'yan ƙasa da shekara 10 ƙafa 35 ce, in suka ɗan tasa a mayar da ita 40, sa'an nan 43. Yarinyar da aka ba babbar ƙwallo aka ajiye ta a tazarar manya za ta karkace jikinta domin ƙwallon ta isa, wannan karkacewar kuma ita za ta zame mata jiki.

Abu na biyu, riƙo. Ana ɗora yatsu uku a kan ɗinkin ƙwallo, babban yatsa yana ƙasa, a bar ɗan sarari tsakanin ƙwallo da tafin hannu. Riƙon da ake yi wa ƙwai ake so, ba a matse ba, ba a kuma yi sakaci ba. Hannun da ya ƙanƙame ƙwallo ba ya saurin sakinta.

Abu na uku, kuma a nan zan ɗan daɗe, shi ne tafiyar jiki. Mai kallo yana zaton hannu ne yake jifa. Duk wanda ya taɓa koron tsuntsaye a gona da majajjawa ya san igiya ba ta da ƙarfin kanta, jiki ne yake ba ta. Haka mai daka, ba ƙarfin damtse take sa wa taɓarya ba, daga ƙugu da gadon baya abin yake tasowa. Hannun mai jifa igiyar majajjawa ne, ƙarfin kuwa daga ƙasa yake fitowa.

Mu ɗauka yarinyar da dama take jifa. Za ta tsaya tana fuskantar mai cafewa, ta ɗan sunkuyo gaba kamar mai shirin tsere, sa'an nan ta tunkuɗa ƙasa da ƙafar dama, ta jefa ƙafar hagu gaba da dogon taku. Tana cikin wannan takun hannun dama yana tashi ta gaba, ya wuce kusa da kunne kamar hannun agogo a ƙarfe 12, jikinta kuma ya juya gefe, ƙirji da ƙugu suna kallon dama. Wannan juyawar ita ke buɗe wa hannu hanya. Da ƙafar hagu ta sauka sai ta kafe kamar turke, ƙarfin da ya taho daga baya ya ci karo da ita, ya haura ta ƙugu zuwa hannu. Hannu ya sauko ta baya, gwiwarsa a ɗan lanƙwashe kuma a sake, ya gogi gefen cinya a ƙarfe 6, tsintsiyar hannu ta murɗa, ƙwallo ta fice daga kan yatsu. Ƙafar dama kuma ta biyo baya tana jan ƙasa da ɗan yatsa. Duk wannan a cikin ƙiftawar ido ne.

Ba a koyar da shi a dunƙule. Daga ƙarshe ake farawa a komo baya. Yarinya za ta tsaya taku kaɗan daga abokiyarta tana sakin ƙwallo da tsintsiyar hannu kaɗai. In wannan ya zauna, ta durƙusa da gwiwa ɗaya ta yi cikakken kewayen hannu, domin ƙafa kada ta ɗauke mata hankali. Daga nan ta miƙe ta tsaya a gefe, hannu a sama, ta kammala jifan. Sai a ƙarshe a haɗa da taku. Dabaru biyu suna taimakawa ƙwarai, kuma ba sa cin kuɗi. A ja layi a ƙasa da sanda ko toka, daga inda take tsaye zuwa faranti, ƙafar hagu ta riƙa sauka a kansa. A kuma naɗa baƙin salatif a tsakiyar ƙwallo. In ta saki daidai, za a ga baƙin layi yana juyawa a miƙe, in kuwa yana rawa, hannu ya kauce. Da wannan yarinya za ta riƙa gyara kanta ba sai an yi mata tsawa ba.

Abu na huɗu shi ne jeri, watau me ake fara nema. Kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne su tsaya a gefe suna cewa, "Ke dai ki saita kawai!" Yarinya tana son ta faranta wa mahaifinta rai, sai ta rage gudun hannu, ta sunkuya, ta miƙa ƙwallon kamar mai miƙa kuɗin cefane. Za ta samu saiti a ranar, amma ta yi asarar jifan. Jerin da masu horarwa suka fi yarda da shi shi ne, tafiyar jiki tukuna, sai gudu, sai saiti. A watannin farko ƙwallo za ta bi ta kan katanga, za ta bugi ƙasa, za ta tarwatsa kajin maƙwabta. A ƙyale ta, in ya yiwu ma a sa ta tana jifan raga ko tsohuwar tabarma da aka rataye, domin kada ta damu da inda ƙwallo ta faɗa.

Sai jifan miƙe ya zauna, tana iya kai shi lungun da aka ce mata, sa'an nan a koya mata na yaudara, wanda hannu ke tafiya da gudunsa na kullum amma ƙwallo ta taho a hankali, mai bugu ta kai sanda kafin ta iso. Bayan shi ne ake shiga masu lanƙwasa: mai faɗuwa ƙasa, mai karkata gefe, da mai juyi da baya wadda mai bugu ke gani kamar tana tashi sama. Akwai wata yarinya cikin waɗanda muke horarwa ran Asabar, ta zo tana cewa ta iya jifa iri biyar, duk a wayar yayanta ta gani. Da muka naɗa salatif muka duba, duka biyar ɗin juyi ɗaya suke yi. Muka komar da ita kan guda ɗaya har tsawon zangon karatu. Ta yi fushi, ta yi kuka, amma yau ita ake sa wa ƙanana su kalla.

Abu na biyar, lafiyar jiki. An daɗe ana cewa jifan ƙasa ba ya cutar da kafaɗa, saboda haka yarinya ɗaya na iya jifa wasa uku a rana. Likitocin wasanni sun nuna ba haka ba ne, gaban kafaɗa da ƙugu da gadon baya duk suna ɗaukar nauyi mai yawa. Masu son a yi ta jifa ba hutu sukan kawo misalin Yukiko Ueno ta Japan, wadda ta yi jifa 413 cikin kwana biyu a gasar Beijin ta 2008, har ƙasarta ta doke Amurka da ci 3 da 1. Gaskiya ne ta yi. Amma shekarunta 26 a lokacin, ƙashinta ya gama ƙwari, kuma ta shekara da shekaru tana gina jikinta. Yarinya 'yar shekara 11 ƙashinta bai gama haɗuwa ba. Shawarata ita ce kwana uku ko huɗu a mako, kamar rabin awa, da hutu a tsakani, a kuma motsa jiki sosai kafin a fara. In ta ce kafaɗa na ciwo, a tsaya, kada a ce ragwanta ce. Har ila yau a sa mata abin kare fuska, domin tana kusa da sanda ƙwarai. A bar ta kuma ta yi sauran wasanni, gudu da tsallen igiya, kai har da langa, domin wadda ta iya tsayuwa da ƙafa ɗaya ta samu rabin abin da mai jifa ke bukata.

Na ƙarshe shi ne zuciya. Mai jifa ita kaɗai ce a tsakiyar da'ira, ido duk a kanta. Za a buge mata ƙwallo, za ta bar mutum huɗu su wuce kyauta a jere. Ana koya mata ta ja numfashi, ta kalli safar mai cafewa, ta mance da jifan da ya wuce. Uba ko uwa kuma, in an tashi wasa, kada su fara da lissafin kurakurai a hanyar gida. A ba ta ruwa ta sha, a bar gyara sai ranar horo.

Iyayenmu malamai, wannan jerin a wurinku muka fara ganinsa. Ba ku ba mu insha'i ba sai da muka iya jimla, kuma kun jure karkataccen rubutunmu shekara da shekaru kafin ya miƙe. Roƙona ga 'yan'uwana shi ne, duk wanda ɗansa ko 'yarsa ta nuna sha'awar wani wasa, ya ba ta irin lokacin da aka ba mu. Wanda kuma yake son ya gani da idonsa, na zo da ƙwallo biyu da safa, sai mu haɗu a filin makaranta bayan cin abinci, amma ina ba masu manyan riguna shawara su tsaya nesa kaɗan.