Tafiya Kaɗan-Kaɗan ga Mai Raunin Zuciya

Yau maganarmu a kan wanda zuciyarsa ta daɗe da rauni ne, ko bakin rijiya ya je sai haki, ƙafafu kuma a kumbure.

A da likitoci kan ce ya kwanta kurum. Yanzu an gane yawan kwanciya ƙara kashe jiki yake yi, gama naman ƙafafu yakan saki, sa'an nan motsi kaɗan ya gajiyar da mutum.

To, in likita ya duba ka ya yarda, fara tafiya a hankali da sanyin safiya, inda ba hawa, minti 5, tare da ɗan rakiya. Kowane mako ƙara kaɗan, har ka kai minti 20 ko 30. In haki ya hana ka magana, saurin ya yi yawa, tsaya ka huta.

Amma in ƙirji ya yi ciwo, ko jiri ya ɗebe ka, ko kumburi ya ƙaru, ko barci ya gagara sai a zaune, bar tafiyar, a kai ka ɗakin magani ran nan. Kada ka daina shan maganinka, ka kuma rage gishiri da kanwa.

Allah ya ba mu lafiya.