Yadda Ake Tsara Wayoyin da ke Haɗa Sabobin Gajimare

Abin da ake kira gajimare a harkar kwamfuta dubban sabobi ne, wato kwamfutoci masu yi wa wasu hidima, da aka jera a kantoci na ƙarfe cikin cibiyar adana bayanai. Yawancin bayanan da ke zirga-zirga a irin wannan gini ba fita waje suke yi ba. Tsakanin saba da saba suke kai-kawo, domin buƙata guda ta mai amfani takan sa kwamfutoci da yawa su tuntuɓi juna kafin a ba shi amsa. Wannan ne ya sa tsohon tsari, wanda komai ke hawa zuwa manyan na'urori biyu a sama, ya gaza: hanyar takan cushe, kuma idan ɗayansu ta mutu, rabin ƙarfin cibiyar ya tafi.

Maganin ya fito daga aikin Charles Clos na Bell Labs a Amurka, wanda a 1953 ya nuna yadda za a haɗa ƙananan na'urorin musayar layukan tarho su yi aikin babba guda. Yau kowace kanta tana da na'urar rarraba bayanai, wato suwic, a samanta. Sabobin kantar suna shiga cikinta da gajerun wayoyin jan ƙarfe, waɗanda ba sa ɗaukar babban gudu fiye da mita kaɗan. Daga nan wayoyin faiba kan tashi zuwa kowane suwic na tsakiya, ba guda kawai ba. Ta haka duk kantoci biyu nisansu ɗaya, kuma hanyoyin da ke tsakaninsu suna da yawa. Facebook ya bi wannan hanya a cibiyarsa ta Altoona a jihar Iowa a 2014, inda ya kasa kantoci rukuni-rukuni, 48 a kowane rukuni, kowace kanta na haɗe da suwic 4. Idan guda ya lalace, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin hanyar ne ya ragu, aiki kuma bai tsaya ba. Nan ne hikimar tsarin take.

Sai lissafin da mai tsarawa ba ya iya kauce masa. Suwic mai kafofi 48 na gigabit 25 yana iya karɓar gigabit 1,200 daga sabobi. Idan wayoyinsa na sama 4 ne masu gigabit 100, to 400 kaɗai za su wuce, wato uku bisa ɗaya. Ga shafukan intanet wannan kan wadatar. Ga horar da ƙirƙirarriyar basira kuwa, inda na'urori ke musayar bayanai lokaci guda, akan nemi ɗaya bisa ɗaya duk tsadarsa.

Sauran aikin na hannu ne, amma raina shi kuskure ne. Akan sa wa kowace waya lamba a bakinta biyu, a kiyaye lanƙwasa faiba fiye da kima, a tsara wayoyin yadda ba za su toshe iskar sanyaya sabobi ba. Akan kuma ware wata ƙaramar hanyar sadarwa dabam, domin injiniyoyi su iya isa ga na'urorin ko da babbar hanyar ta katse.