Kirari da Kunya a Gasar Telebijin



Tun da aka fara gasar mawaƙa ta Pop Idol a Ingila cikin 2001, har irinta, watau Nigerian Idol, ta iso ƙasar nan cikin 2010, 'yan takara sun koyi wata dabara. Da yake masu kallo ne ke jefa ƙuri'a, sai yaro ya sunkuyar da kai ya ce shi bai zo don kuɗi ko suna ba, alhali ya yi watanni yana shiri. Ya gane jama'a sun fi son mai kunya, saboda haka kunyar ta zama hajar sayarwa.

Mu dubi maharban dazuzzukan Birnin Gwari na dā. Maharbi yakan tsaya gaban jama'a ya yi wa kansa kirari, ya faɗi abin da zai aikata. Ba a kiransa marar kunya, domin daji ne alƙalinsa. Wanda ya ce zai haɗiye gatari, sai a riƙe masa ƙota.

Haka kuma musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara cikin 1986. Alƙalanta hadda da tajwidi suke aunawa, mai karatu kuwa ba ya bukatar ɓoye cewa yana son ya zo na ɗaya.

Saboda haka, ya ku ɗalibai da ma'aikata, buri ba aibi ba ne. Abin tsoro shi ne mu saba wa 'ya'yanmu da tawali'un ƙarya, har su kasa rarrabe shi da na gaskiya.